Layin da Zuzu Ta Jera

Ina gaishe ku masu karatu, wanda ya saba da ni da wanda yau ya fara cin karo da ni. Wata 'yar uwa ta rubuto tana tambaya, wai mace mai wankin kejin ɓeraye me ta sani game da soyayya? To 'yar uwa, gyara zama. Ban sa wa labarin nan gishiri ba, yadda kaina ya riƙe shi haka zan sauke muku.

Ni bazawara ce. 'Ya ɗaya na haifa, ta rasu tana shekara shida. Zuzu muke ce mata, saboda tun tana rarrafe ba ta da magana sai wani amo a maƙoshi, zuuu, zuuu, tun safe har barci ya ɗauke ta. Likitoci suka ce galahanga ce. Ubanta ya ce kaf danginsu ba a taɓa haifar irin wannan ba, ya sallame ni, na dawo ɗakin Inna da ita a goye.

Zuzu ba ta kallon idon mutum, ba ta son a taɓa ta. Aikinta ɗaya ne, jera abubuwa. Murafen kwalba, maɓallan riga, tsakuwa, daga babba zuwa ƙarami, layi ɗaya miƙe kamar an ja da zare. In ka kuskura ka sa mata hannu a layi, ko da ƙara mata ɗaya ka yi don taimako, sai ta watsar da duka da bayan hannu, ta yi ta buga kanta a bango. Duk gidan an san wannan doka, har kyanwa ta sani.

Tana da wani sauti na biyu kuma, siriri mai kaifi, iiii-yu, mai tashi sama a ƙarshe. Wannan ni kaɗai take yi wa. Da na ɗaga labule zan shigo, ko juyowa ba ta yi ba, sai ta sake shi.

"Kin ji ko?" in ji Inna. "Korarki take yi. Fita ki bar yarinya ta sarara."

Sai in saki labulen in koma da baya. Haka na yi ta sakin labule har Allah ya karɓi abarsa.

Ranar da abin ya faru, mai kawo mana ruwa ne ya bar ƙofar gida a buɗe. Muka yi ta nema lungu-lungu har rana ta karkata. Sai ga mutane ɗauke da ita a cikin zani. Aka ce wani bawan Allah ne ya tsamo ta daga kududdufin bayan unguwa, ya miƙa ta, bai tsaya ba. Tana sanye da shuɗiyar rigarta mai aljihu a gaba. A cikin aljihun na tarar da wani abu rawaya, ya jiƙe ya dame ya rina yadin. Yana da wani ƙanshi kamar ciyawar da rana ta dafa, da ɗan tsami-tsami. Ban san ko mene ne ba, ban kuma nuna wa kowa ba. Ban wanke rigar ba. Tana ƙasan akwatina cikin leda.

Da zaman gida ya nemi ya haukata ni, Yaya, wato babbar yata, ta samo mini aiki a babbar makarantar da mijinta ke tuƙa mota. Ɗakin ɓeraye aka kai ni. Dogon ɗaki ne babu taga, fitila fara fat, sanyin na'ura har cikin ƙashi, keji a jere bisa kantocin ƙarfe. Ɓerayen farare ne tas masu jajayen idanu, ba irin na kwata ba. Kafin ki shiga sai kin ɗora farar riga a kan kayanki, kin sa hular leda da safar hannu, kin tsoma takalmin roba a ruwan magani. Aikina in sauya musu garin katako, in cika kwalaben ruwa, in zuba abinci, in wanke keji.

Dakta, mai aikin gaba ɗaya, mace ce gajera, kullum tabarau a goshi tana nemansa a aljihu. Ranar farko ta zaga da ni.

"Kin ga masu farin tambari? Ba a yi musu komai ba. Masu jan tambari an ba su wani ruwa mai taɓa ƙwaƙwalwa, sai su riƙa yin wasu halaye irin na yara masu galahanga." Ta yi turus, da alama Yaya ta ba ta labarina. "Yi haƙuri."

"Ci gaba, Dakta."

"Masu rawayan tambari kuma, garin fure ake fara ba su, wanda ƙudan zuma ke ɗebowa a ƙafa, sannan a ba su ruwan. So muke mu gani ko zai kare su. Kariya fa na ce, ban ce warkarwa ba. Kuma ɓera na ce, ban ce mutum ba. Kada gobe in ji a unguwarku ana cewa an samo magani."

Ta miƙo mini kwalbar garin, ta ce in buɗe in gani. Ƙananan ƙwayoyi ne kamar gero, yawanci rawaya, jefi-jefi akwai ja da ruwan ƙasa. Ina cire murfin ƙanshin ya doke ni. Wallahi sai da na dafa kantar keji. Ciyawar da rana ta dafa, da ɗan tsami-tsami.

Dogo, mai yi musu allura, ya leƙo. "Uwar ɓeraye, lafiya? Tun yau ɗaya har 'ya'yan sun fara ba ki jiri?"

Daga ranar sunan ya bi ni. Na yi dariyar yaƙe, na rufe kwalbar. Na ce wa zuciyata ai ƙanshi yana kama da ƙanshi.

Wanda ke kawo garin shi ne Mai Zuma. Dogo ne shi ma amma siriri, baƙi, da 'yar furfura a gemu, hannayensa duk tabon harbi, rigarsa kullum ƙanshin hayaƙi. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba su haihu ba. Ranar da ya fara ganina na fito karɓar kwalba, ya ƙura mini ido har kwalbar ta nemi suɓuce masa. Dogo ya yi ta tsokanata wunin ranar, wai na harbi mai zuma. Ni ma, kada in ɓoye muku, na ɗauka so ne. Mace ko baƙin ciki ya cinye ta, tana son ta ji an kalle ta.

Ya karɓi lambata a wajen Dogo. Saƙonsa na farko: "Barka da hantsi uwar ɓeraye. Ya 'ya'yan namu?"

Na rubuta: "'Ya'yanka dai. Ni 'yata ɗaya ce."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga shi: "Allah ya jiƙanta. Allah ya sa mai ceto ce."

Ban tambaye shi wa ya gaya masa ba. Na ɗauka Dogo ne, don bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Ba mutum ne mai daɗin baki ba. Saƙonninsa duk na aiki ne: yau zuma sun yi fushi, yau bishiyar bakin hanya ta yi fure, kin ci abinci? Amma kullum da safe sai ya rubuto, har na wayi gari ina duba waya kafin in wanke ido. Ranar da ya zo gidanmu ya sha farar shadda mai sauran layin guga, hula ta ɗan yi masa yawa. Ya kawo wa Inna galan ɗin zuma, ni kuma kwalbar garin fure. Inna ta rasa inda za ta sa shi, har sabuwar darduma ta ciro daga ƙarƙashin gado. Kawu, ƙanin Inna, wanda shi ne a madadin mahaifinmu, ya gana da shi a ƙofar gida, ya shigo yana washe baki.

"Mutumin kirki. Ba shi da hayaniya, ba shi da 'ya'yan da za su dame ki. Na ce masa ranar Asabar zai ji daga gare mu. Kada ki ba ni kunya, kin ji ko? Bazawara ba ta jan aji."

Washegari na ɗauki shayina, na ji wani ɗanɗano a ciki. Na leƙa kofin, ga rawaya-rawaya yana yawo a sama.

"Inna, me kika sa mini?"

"Abin da mutumin ya kawo. Yayarki ta ce shi ake ba ɓerayen naku tun kafin ciwo ya kama su. Rigakafi ya fi magani. Ki fara sha tun yanzu, don na gaba ya fito daidai."

"Daidai?"

"Ke kin san abin da nake nufi."

"Ban sani ba, Inna. Zuzu a karkace ta fito?"

Yaya da ke zaune tana tsintar shinkafa ta ce, "Kai Auta, ke komai sai kin mai da shi faɗa. Wa ya ƙi Zuzu? Amma tsakani da Allah kina so ki sake shan irin wahalar nan? Ko mutumin ai da manufa ya kawo miki. Me ya hana ya kawo turare?"

Na ajiye kofin. Maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Ashe ni ma an liƙa mini rawayan tambari ban sani ba. A ba ni gari tukuna, sannan a gani ko zan haifi abin kirki. Ranar ya rubuto sau uku, ban buɗe ba.

Yanzu bari in ba ku labarin 'Yar Lungu, don ba don ita ba da ban san komai ba.

Ɓera ce mace, cikin masu jan tambari, a kanta ta ƙasa daga can ƙurya. Sauran in an buɗe keji sai su taso su shinshina hannu. Ita tana lungunta ta juya baya. Akwai wani akwati mai ɗaki uku da ake gwada su a ciki: ɗaki ɗaya an kife baƙon ɓera a kwandon waya, ɗaya kuma kwandon ne kawai babu kowa. Masu fari suna ruga wajen baƙo. Masu rawaya da yawansu su ma sukan je, Dakta tana ta murmushi tana gyaɗa kai. 'Yar Lungu kuwa kullum wajen kwandon da babu kowa take tafiya, ta zauna kusa da shi kamar ta samu 'yar uwa.

Wata safiya na janyo kejinta zan sauya garin katako, sai na ga abincinta. Ba ta ci ba. Ta kwashe ƙwayoyin ta jera su a jikin bangon kejin, layi ɗaya. Na kira Dogo.

"To mene ne? Ɓera ai ɗan ajiya ne. Ke dai kin cika sa wa kanki tunani."

Na zuba sabon gari a gefe, ban taɓa layin ba.

A makon da Kawu ya sa mini rana, Dakta ta kawo wata na'ura, abin magana ne ɗan ƙarami da ake ratayawa a saman keji, a haɗa da kwamfuta. Ta ce ɓeraye suna magana da junansu da murya siririya wadda kunnen mutum ba ya kamawa, na'urar ce ke saukar da ita mu ji. Ina can ina wanki a famfon waje Dogo ya zo ya ce Dakta na kira. Na shiga. Ta ɗago kai daga kwamfutar tana dubana wani iri.

"Fita ki sake shigowa."

Na fita, na sake shigowa.

"Dogo, kai fita ka shigo."

Ya fita, ya shigo yana rangwaɗa kamar amarya. Dakta ta girgiza kai. "Shiru. To ke, sake."

Na fita. Na tura ƙofa, na sa ƙafa. Wannan karon ta ƙara sautin lasifika.

Iiii-yu.

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na'urar a kan kejin 'Yar Lungu take. Ga ta can ta juya baya, bakinta ko motsi ba na gani, amma lasifika tana ta yi, iiii-yu, iiii-yu, siriri mai tashi sama a ƙarshe.

"Tun safe nake lura," in ji Dakta. "Ba ta yi wa kowa sai ke."

Da ƙyar na haɗa magana. "Dakta, korata take yi?"

"Kora? A'a. Kukan tsoro da na kora daban yake, dogo ne a shimfiɗe. Wannan gajeren mai tashi sama, shi suke yi in sun ji abin da suke murna da shi. In za a ba su abinci, ko in abokin wasa ya zo." Ta sauke tabarau ta dube ni da kyau, ta ga hawaye. Ta rage murya. "Wataƙila don ke ce mai ba ta abinci. Kada ki ɗora wa ɓera kayan da ba nata ba, kin ji? Ni abin da na sani na ɓera ne. Ban san na 'yarki ba."

"Na ji, Dakta. A sa mini shi a waya."

Dogo ya sa mini, ranar ko tsokana ɗaya bai yi ba.

Aikin nasu ya zo ƙarshe a makon nan, kuma ƙarshen aiki shi ne a kwantar da ɓerayen duka a duba ƙwaƙwalwarsu. Na sani tun farko. Na roƙi Dakta ta bar mini 'Yar Lungu, ta ce da za ta iya da ta yi, amma ba a fitar da su daga ɗakin, kuma in aka cire ɗaya aikin ya gurgunce. Sai na ce to ni zan riƙe ta. Na riƙe ta a tafin hannuna har ta yi barcin da ba a tashi. Ba ta ƙwace ba. An riga an cire na'urar, don haka ban san ko ta ce wani abu ba.

Ana gobe Asabar na rubuta wa Mai Zuma: "Ka zo da yamma. Magana ce."

Ya zo a babur ɗinsa da kayan aiki a jiki, ko wanka bai tsaya yi ba. Na fito da baƙin mayafi, fuska ba hoda, na zauna a ƙarshen bencin ƙofar gida. Na dire kwalbar a tsakaninmu.

"Kai ka ce a riƙa zuba mini wannan don kada in sake haifar irin 'yata?"

Ya zaro ido. "Ni? Wallahi ban faɗa ba, ban ma yi tunaninsa ba. Na ga kin rame ne, shi kuma yana sa cin abinci. Ni ban san kan turare ba, abin da nake da shi na kawo."

"To in na haifi irinta fa?"

"Sai mu rufe ƙofa da kyau."

Maganar ta dake ni, amma ban nuna ba. Na ce a raina, baki ai ba ya wuyar faɗa. Na ciro waya. "Kai da kake sa kunne a jikin amya ka san lafiyar zuma, saurari wannan ka gaya mini abin da ka ji."

Na danna. Iiii-yu.

Mutumin nan ya miƙe zumbur kamar an harbe shi, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Fuskarsa ta yi toka-toka.

"Ina kika samu muryarta?"

"Muryar wa?"

Na ƙara da cewa, "Ɓera ne wannan. Muryar wa ka ji?"

Ya koma ya zauna, a ƙasa wannan karon, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya fara magana ba ya kallona.

"Akwatunan zumana a bakin kududdufin nan suke. Ranar na je ɗiban gari, na tarar da yarinya mai shuɗiyar riga a gaban akwati na ƙarshe. Ta janyo tiren da garin ke zuba, tana tsinta tana jerawa a kan murfi, wani tana sawa a aljihu. Zuma sun sauka a kanta, a hannu, a wuya, ko ɗaya bai harbe ta ba. Tana yi musu zuuu, suna yi mata. Na tambayi sunanta, ba ta kula ni ba. Na ji tsoron in ɗauke ta ta yi ihu su yanyame ta. Na ce bari in kunno hayaƙi in kore su tukuna. Ashana ta yi sanyi, ta ƙi kamawa. Da na dawo babu ita. Sai takalminta a bakin ruwa."

Na ce, "Kai ne bawan Allahn."

"Ni ne. Na biyo bayan masu ɗauke da ita daga nesa. Na ga lokacin da kika fito ba mayafi. Ban iya ƙarasowa ba."

"Shi ya sa kwalba ta nemi faɗuwa ranar da ka gan ni. Ni kuma ina can ina jin daɗi an kalle ni." Na yi wata dariya da ban san tawa ba ce. "Ashe kaffara ka zo yi da ni."

"Da farko nauyi ne ya kawo ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban san ranar da ya juye ya zama wani abu ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗa miki."

"Wannan kukan fa? Yaushe ka ji shi?"

"Kafin in tafi neman wuta. Ta gama layinta, sai ta juya ta fuskanci hanyar unguwa ta yi shi. Ta yi, ta saurara. Ta sake yi, ta saurara. Kamar mai jiran a amsa mata."

Masu karatu, ku yi mini uzuri, nan wurin ba zan iya tsawaita shi ba. A lokacin ba na wurin, ban ɗaga labule ba, babu wanda za ta kora. Ta gama layinta ne tana so in zo in gani.

Da numfashina ya dawo na ce, "Tashi ka kai ni."

"Akwai abin da ban faɗa ba tukuna."

"Ka faɗa a can."

Rana ta yi sanyi lokacin da muka isa. Ban taɓa taka wurin ba tun da abin ya faru. Ruwan kore ne, a kwance luf, ko kwaɗo ba ya motsi. Akwatunan suna jere ƙarƙashin bishiyoyi, kowanne da rumfar kwano a kansa. Ban ga zuma da yawa ba, amma amonsu ya cika wurin, zuuu, yana shiga ta tafin ƙafa. Ya ba ni hular raga na ƙi karɓa. Ya wuce gaba har akwati na ƙarshe, wanda ya fi kusa da ruwa, ya tsaya ya nuna da haɓa.

A kan murfin akwai layi. Ƙwayoyin garin fure, rawaya, sababbi, daga babba zuwa ƙarami, miƙe kamar an ja da zare.

"Kullum da safe," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Da farko nakan share, gobe in tarar. Na ce tururuwa ce. Na zuba toka a ƙafafun akwatin, na tarar. Na sauya murfin, na tarar. Sai na daina sharewa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kada a ce na taɓu."

Na durƙusa. Zuma ɗaya ta sauka a bayan hannuna, ta yi 'yan takunta, ta tashi. Na janyo tiren a hankali. A cikin rawayen na hango wata ƙwaya ja, matsakaiciya. Na ɗauke ta da farce. Na san doka sarai. Na ajiye ta a ƙarshen layin, bayan 'yar ƙaramar.

Na miƙe na kalle shi ido cikin ido.

"Ba ta yarda a sa mata hannu a layi. Ko ni ban taɓa yi ba. Gobe da safe ka zo ka ɗauki hoto ka turo mini. In ka tarar an watsar, kada ka sake rubuto mini, kada ka sake bi ta layinmu, kwalbarka ma ka riƙa ba Dogo. In yana nan, to, sai mu gani."

"Kin yarda da ni in ɗauki hoton?"

"Ban yarda da kai ba. Amma kai ma tsoronta kake ji."

Asabar da safe ina zaune a tsakar gida, waya a cinya. Inna ta kawo shayi, na leƙa, babu komai a ciki. Yaya ta iso tun da wuri da sabon leshi ruwan hoda, wai don in Kawu ya zo a same ta. Sai zirga-zirga suke suna satar kallona.

Wayar ta yi ƙara. Hoto ne, ba rubutu. Ya tsaya yana juyawa, dishi-dishi, kamar ba zai buɗe ba. Sannan ya washe.

Layin yana nan, ba a watsar ba. Na kai ido ƙarshensa, jar ƙwayata ba ta wurin. Na ja hoton da yatsu ya ƙara girma, sai na gan ta. An ɗauke ta daga ƙarshe an kai ta tsakiya, an matsar da na gefe an yi mata wuri, tsakanin wadda ta fi ta da wadda ta fi, daidai inda girmanta ya dace.

Kada ku tambaye ni ko shi ya gyara. Na tambayi kaina kafin ku. Abin da na sani, yatsunsa kauri gare su kamar tushen rogo, ko maɓallin rigarsa da ƙyar yake sawa.

"Auta," in ji Inna, "ga sallamar Kawunku can a waje. Me za a ce masa?"

Na kife wayar a ƙirji. "Ki ce ya gaya masa ya turo manyansa. Amma ki faɗa musu da 'yata zan tare, rigarta tana cikin kayana, kuma babu mai sake zuba mini komai a shayi."

Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta daka mata harara ta rufe.

Na tashi zan ɗauko mayafi in gaida Kawu. Ɗakina shiru, akwatin yana can ƙurya inda yake. Na kai hannu na ɗaga labule, na sa ƙafa ɗaya ciki, sai na tsaya na kasa kunne.

"Shiga mana," in ji Inna daga bayana. "Me kike saurare?"

Na ƙara damƙe labulen a hannuna, don ko me zan ji a ɗakin nan, wannan karon ba zan sake shi ba.